Daga Lamu Zuwa Nairobi: Inda Tsohon Silifas Yake Zama Raƙumin Dawa

A can gabashin Afirka, a gaɓar Tekun Indiya ta ƙasar Kenya, ba da nisa ƙwarai da kan iyakar Somaliya ba, akwai wani tsibiri da ake kira Lamu. Wanda ya nufe shi ta jirgin sama ba a kansa zai sauka ba, sai a wani tsibiri da ke daura da shi mai suna Manda, daga nan kuma ya shiga ƙaramin jirgin ruwa a ƙetare da shi cikin 'yan mintoci. Tun daga tsakiyar ruwa zai hangi garin a shimfiɗe a bakin gaɓa: fararen gidaje masu bene, waɗansu da rufin ganyen kwakwa, ga masallatai birjik, ga kuma jiragen katako a ɗaure suna ta lilo bisa ruwa.

Lamu tsohon gari ne, ya fi shekara 700 da mutane a cikinsa ba tare da sun taɓa watsewa ba, shi ya sa ma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya a shekarar 1 ga ƙarni na 21, watau 2001. Mutanensa Musulmi ne masu magana da harshen Suwahili. Bahaushen da ya shiga garin ba zai ji baƙunta ƙwarai ba, gama zai ga maza da fararen riguna da huluna masu aiki, ya ga dakali a ƙofar gida inda maigida yake karɓar baƙi, ya ji kiran salla ta kowace kusurwa. A nan ne Masallacin Riyadha yake, wanda wani sharifi, Habib Salih, da ya zo daga tsibiran Komoros ya kafa, ya kuma rasu a garin a shekarar 1935. Saboda shi ne Mauludin Lamu ya shahara, har mutane suke tahowa daga ƙasashe da dama don su halarta.

Amma abin da zai fi ɗaure wa baƙo kai shi ne rashin mota. Lungunan garin matsattsu ne, akwai inda mutum zai miƙa hannuwansa ya taɓa bangon dama da na hagu gaba ɗaya. Saboda haka, ko da yake babura sun shigo a 'yan shekarun nan, jaki shi ne babbar motar Lamu. Shi ke ɗaukar yashi da dutsen gini, shi ke ɗaukar buhunan shinkafa daga bakin ruwa zuwa kanti, a bayansa kuma yaro yake tafiya aike. Akwai dubban jakuna a tsibirin, har asibiti gare su na musamman a bakin ruwa, wanda wata ƙungiya ta Ingila ta buɗe a shekarar 1987, ana yi musu magani kyauta.

To, a wannan asibiti ne mutum zai fara jin labarin masifar da ta sami dabbobin wurin. Jakin Lamu idan ya gama aiki akan sake shi ya nemi abinci da kansa, ciyawa kuwa ba ta da yawa a cikin gari, sai ya nufi juji. A can zai tarar da ragowar abinci a ƙulle cikin leda, shi kuwa ba shi da hannun kwancewa, sai ya haɗiye duka. Leda ba ta narkewa a ciki. Haka za ta yi ta taruwa tana cuɗewa har ta toshe hanji, cikin dabbar ya kumbura, ta kwanta tana birgima don azaba, sau da yawa kuma ta mutu. Mai jakin da ya dogara da shi wajen ciyar da iyali, ran nan ya shiga uku.

ABIN DA RUWA YAKE KAWOWA

Idan aka bi bakin ruwa aka yi kudu da garin, tafiyar kamar kilomita 3, za a iske wani ƙauye mai suna Shela. Daga nan rairayin gaɓa ya miƙe fari fat har wajen kilomita 12, bayansa kuma ga manyan tuddan yashi, waɗanda a ƙarƙashinsu ne ruwan daɗin da garin Lamu yake sha yake kwance. Wuri ne mai ban sha'awa. Amma wanda ya fita da sassafe, bayan ruwa ya janye, zai ga teku ya bar wani dogon layi a kan yashi: gorunan roba, da murafensu, da buroshin goge baki, da guntayen igiya da komar masunta, sa'an nan ga silifas, ja da shuɗi da kore da rawaya, kusan kowanne warinsa ɗaya.

Mutanen Shela ba su ne suka sa waɗannan takalma duka ba. Ruwan teku yana da hanyoyinsa, kamar koguna a cikin kogi. Akwai wata babbar hanya da ta taso daga wajen Indunusiya ta yi yamma, ta wuce ta arewacin Madagaska, ta zo ta bugi gaɓar Afirka, sa'an nan ta juya ta yi arewa ta bi bakin Tanzaniya da Kenya. Ga kuma iska iri biyu da suke mulkin wannan teku. Ta arewa maso gabas, wadda Suwahilawa suke kira kaskazi, tana busawa daga wajen Disamba zuwa Maris, ita ce a zamanin da take kawo jiragen Larabawa da Indiyawa ɗauke da dabino da tufafi. Ta kudu kuwa, watau kusi, tana kamawa daga wajen Afrilu zuwa Satumba, ita ce take mai da su gida ɗauke da itacen gini da hauren giwa. Iska da ruwan da suka yi wa Lamu arziki a da, su ne yau suke yi mata dakon shara, har akan tsinci gorar da rubutun jikinta na ƙasashen Asiya ne. Wani kason kuma na cikin gida ne: kogin Tana da kogin Sabaki suna kwaso dattin garuruwan tudu, har da na Nairobi, su juye a teku.

Silifas kuwa ya fi sauran shara iya tafiya. Da wata roba mai kumfa ake yin sa, ba ya nutsewa, ba ya ruɓewa, narka shi don a sake wani abu kuma yana da wuya. Sai ya yi wata da watanni a bisa ruwa, rana tana cin sa, yana marmashewa kaɗan kaɗan, kifi da tsuntsaye suna tsintar ɓarɓashin suna zaton abinci ne.

Wanda abin ya fi shafa shi ne kunkurun teku. Wannan halitta, wadda babbarta takan fi ƙaton mutum nauyi, a ruwa take rayuwarta duka, amma idan lokacin ƙwai ya yi dole macen ta fito tudu, kuma yawanci ga yankin da aka ƙyanƙyashe ta take komowa. Da dare take fitowa, ta ja jiki da ƙyar ta haƙa rami, ta zuba ƙwai kamar 100 ko fiye, ta binne, ta koma ruwa. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan su fito, kowanne bai kai tafin hannu ba, su ruga zuwa ruwa kafin tsuntsaye da ƙaguwa su cinye su. Ga irin wannan ɗan mitsitsin abu, tsohon takalmi ɗaya ganuwa ce, tarin shara kuwa dutse ne. A cikin ruwan ma bai tsira ba, domin akwai wata halitta mai laushi fara sol da take shawagi a teku wadda kunkuru yake ci, ledar da ruwa ya cika kuwa kamarsu ɗaya. Tun shekarar 1992 akwai wata ƙungiya a Shela da take tsaron ramukan ƙwan, har waɗansu da a da suke haƙe ƙwan suna ci suka zama su ne masu gadi. Amma mai gadi yana iya korar ɓarawo, ba ya iya korar igiyar ruwa.

WASAN YARA YA ZAMA SANA'A

Daga Lamu idan aka yi arewa cikin jirgin ruwa, ana ratsa dazuzzukan itatuwan nan masu tsirowa a cikin ruwan gishiri, za a kai yankin Kiunga, inda gwamnatin Kenya ta keɓe tsibirai wajen 50 da ruwan da ke kewaye da su a shekarar 1979 don kare halittun teku, irin su kunkuru da wani ɗan'uwan ayu da ke kiwo a ƙarƙashin ruwa. Ɗaya daga cikin tsibiran shi ne Kiwayu, mazaunin masunta na ƙabilar Bajuni.

A ƙarshen shekarun 1990 wata 'yar Kenya mai aikin kare halittun teku, Julie Church, tana aiki a wannan yanki, sai ta lura da abin da yaran Kiwayu suke yi. Ba su da kantin kayan wasa, saboda haka sukan tsinci silifas a gaɓa su yanka, su yi mota da jirgi da kifi, kamar dai yadda yaran ƙasar Hausa suke ƙera mota da karan dawa da langalanga. Sai ta yi wa iyayensu mata magana, ta ce me zai hana su ma su tattara, su wanke, su yanka, a yi abin sayarwa? Matan suka karɓi shawara. Suka fara da ƙananan abubuwa, kamar ɗan kunkurun da ake rataya mabuɗi a jikinsa, ciniki ya fara zuwa har daga ƙasar Turai. A shekarar 2005 aka kafa kamfani sosai, wanda daga baya aka san shi da sunan Ocean Sole, ma'aikatarsa kuma aka kafa ta a unguwar Karen ta birnin Nairobi, nesa da teku da ɗaruruwan kilomitoci.

Wanda ya shiga wannan ma'aikata abin da zai fara gani shi ne tsibin tsofaffin takalma. Masu tsinta suna kawowa cikin buhuna daga gaɓar teku da kuma magudanan ruwa na Nairobi, a auna a kan sikeli, a biya su bisa nauyi. Daga nan sai masu wanki su karɓa, su jiƙa, su dirje da sabulu da buroshi, a shanya. Idan sun bushe sai a ware su launi launi, a fere bayan da ya ƙoƙe, a shafa gam, a liƙa wannan bisa wancan har su zama dunƙule guda mai zane-zane kamar saƙin tabarma. Wannan dunƙule shi ne itacen masassaƙin. Da wuƙa mai kaifi zai zauna yana fera, har kunne ya fito, hanci ya fito, sa'an nan a goge shi ya yi sumul, a sake wankewa. Ba a shafa fenti ko kaɗan. Duk launin da mutum ya gani na takalmin ne tun asali. Idan kuwa abin babba ne, kamar raƙumin dawan da ya fi mutum tsawo, akan sassaƙa cikinsa da tsohon soso mai tauri da aka yar, sa'an nan a lulluɓe shi da silifas.

Ga giwa shuɗiya mai jan kunne, ga karkanda mai ratsin kore, ga zaki, ga dorina, ga jakin dawa, ga kifaye, ga kuma kunkuru, wanda saboda shi aka fara abin. Da yawa daga cikin masassaƙan a da itace suke sassaƙawa. Ita wannan sana'a ta sassaƙa siffofin dabbobi don sayar wa baƙi ta kafu ne a Kenya tun bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, a hannun ƙabilar Kamba, kuma ta ci manyan itatuwa masu tauri har suka fara wuyar samu. Saboda haka kowace giwar silifas ta ceci abu biyu: ta rage shara a ruwa, ta kuma bar itace a tsaye a daji.

Ana aika kayan nan ƙasashen Turai da Amurka, ana sayar da su a kantunan gidajen namun daji da gidajen tarihi. A nan ne hikimar abin take. Idan aka yi wa mutum lacca a kan dattin teku zai yi hamma. Amma idan ya ɗauki ɗan kunkuru mai launi bakwai ya ji shi sakayau a hannu, da kansa zai tambaya, da me aka yi wannan? Mai kanti kuwa ba shi da amsa sai ya ba da labarin gaɓar Kiwayu. Gani ya kori ji.

Akwai kuma wata hikima ta biyu, wadda duk mazaunin birni a Nijeriya ya sani. Ba a ganin tsohon ƙarfe yana kwana a juji, domin 'yan jari-bola sun san yana da kuɗi. Leda kuwa tana nan har ta toshe kwata, domin ba mai saye. Ranar da aka sa wa tsohon silifas farashi, ran nan ya sami masu sunkuyawa su ɗauke shi.

JIRGIN DA AKA ƘERA DA SHARA

Labarin bai tsaya ga kayan ado ba, ya sake komawa Lamu. Wani mai harkar yawon buɗe ido, Ben Morison, ya ga yadda shara ta ɓata gaɓar da yake kai baƙi, sai ya haɗa kai da Dipesh Pabari, suka nemi wani gwanin masassaƙin jirage na Lamu mai suna Ali Skanda, wanda ya gaji sassaƙa daga iyayensa. Suka kawo masa wata magana mai kama da wasa: a ƙera jirgin ruwa irin na gargajiya, amma da shara maimakon katako.

Aka tara wajen tan 10 na tsohuwar roba, aka niƙa, aka narka, aka zuba ta ta zama ginshiƙai da alluna. Ali Skanda da yaransa suka harhaɗa su da irin dabarar da kakanninsu suke harhaɗa katako, ƙashin baya da haƙarƙari da kome. Sa'an nan aka lulluɓe jikin jirgin da silifas wajen 30,000, ya fito da launi kamar bakan gizo. Tsawonsa kamar mita 9 ne. Aka raɗa masa suna Flipflopi, daga sunan da Turawa suke kiran silifas da shi, aka sa shi a ruwa a shekarar 2018.

A ƙarshen watan Janairu na 2019 aka ɗaga masa babban ƙyallen nan mai kusurwa uku, iskar kaskazi ta tura shi ya bar Lamu ya nufi Zanzibar, tafiyar kilomita 500, tare da goyon bayan hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya yi kamar mako biyu a hanya, yana yada zango a garuruwa irin su Watamu da Mombasa da Diani. Ko'ina ya tsaya sai 'yan makaranta da masunta da hukumomi su cika gaɓa, kowa yana so ya taɓa ya tabbatar. A shekarar 2021 kuma aka ɗauke shi a mota aka kai shi Tafkin Victoria, ya zaga gaɓar Kenya da Uganda da Tanzaniya. Masunci ba ya karanta rahoton masana, amma ya san jirgi, kuma idan ya ga jirgin da aka yi da abin da yake zubarwa, ba ya bukatar tafinta.

IYAKAR ABIN DA WUƘA ZA TA IYA

To, amma kada daɗin labari ya rufe gaskiya. A shekarar 2015 masana sun ƙiyasta cewa wajen tan miliyan 8 na roba yake shiga tekunan duniya kowace shekara. Tan 10 ɗin da aka ƙera jirgi da shi, idan aka gwada da wannan, bai kai cikin cokali a cikin tulu ba. Gaɓar da aka share yau, gobe da safe ruwa zai sake shimfiɗa mata wani layin. Ita kanta giwar silifas, ranar da ta tsufa aka gaji da ita, juji za ta koma. Wuƙar masassaƙi ba za ta share teku ba ko da za a shekara dubu ana fera. Aikinta aikin sanƙira ne, ta tara jama'a ta sa su waiwaya. Abin da za a yi bayan an waiwaya kuwa yana hannun masu mulki da masu masana'antu da masu zubarwa.

Kenya ta ɗan taɓa wannan ɓangare. A ran 28 ga Agusta, 2017, ta hana yin ledar cefane da sayar da ita da amfani da ita, da tarar da za ta iya kai shilin miliyan 4 ko ɗaurin da zai iya kai shekara 4. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ledar da mahauta suke ta fitarwa daga tumbin shanu. A watan Yuni na 2020 kuma ta hana shiga gandun namun daji da gaɓar teku da robar da ake amfani da ita sau ɗaya a yar. Ledar ta ragu a tituna, ko da yake masu fasa-ƙwauri ba su daina shigo da ita ta kan iyaka ba, gorunan roba kuma suna nan. A duniya baki ɗaya abin ya fi haka wuya. A watan Maris na 2022, a birnin Nairobi, ƙasashe 175 suka amince za a rubuta yarjejeniyar da za ta ɗaure kowa a kan dattin roba, amma zaman da aka yi a Busan a 2024 da wanda aka yi a Janiba a watan Agusta na 2025 duka sun watse ba a daidaita ba.

Mai karatu na Kano ko Sakkwato ko Agege kada ya ce wannan maganar mutanen bakin teku ce. Duk mai kiwon tumaki a cikin gari ya san yadda rago yake ramewa alhali yana ci, sai an yanka a tarar da dunƙulen leda a tumbinsa, mahauta kuma sun fi kowa sanin wannan. Ledar ruwan da aka jefa a kwata, damina za ta kai ta rafi, rafi ya kai ta kogi, Kwara da Binuwai kuwa a teku suke juyewa. Jihar Legas ta hana farantan soso na zuba abinci a watan Janairu na 2024, alamar an fara farkawa ke nan. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa.

A Lamu dai, da la'asar sakaliya, jiragen masunta suna dawowa, dattawa suna zaune a bakin ruwa suna shan gahawa suna jiran magariba. Jakunan da suka wuni suna dako an sauke musu kaya, sun bi lungu sun nufi bayan gari neman abin da za su ci. Abin da za su tarar a can, ciyawa ko leda, ya danganta ga abin da masu gidan suka zubar da safe. Allah Ya sa a gyara.